Filin Ustaza: Duk garin sun san wanda yayi kisan, to wa zai faɗa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan da yawansu kan abu ɗaya suka zo, rubuta labarin kisan kai da bincike, shi yasa na haɗa huɗu daga ciki wuri guda. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, masu su suyi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Ustaza, ya aiki ya haƙuri da wannan hali da muke ciki. Ni 'yar garin Mai Wurno ce a nan Sudan amma tun 2024 saboda yaƙi muna Gadarif gidan kawuna, zaman haka kawai ya isheni sai na fara rubuta littafi a waya. Labarin wani ƙaramin gari ne a bakin bahar wato kogin Nilu, an tsinci gawar wani ɗan kasuwar riɗi cikin tur'a, magudanar ruwan ban gona, da asuba kowa yace ai zamewa yayi ruwa ya cishi, sai wata 'yar jarida 'yar garin da yaƙi ya koro daga Khartum tace ita fa bata yarda ba. Na kai babi na 12 ina turawa ƙawayena a WhatsApp, amma wlh tun babi na 3 suka gano wanda ya kasheshi, kuma ɗaya tace min wai 'yar jaridar tawa kamar ta musalsal, fim mai dogon zango, na Turkiyya take bata yi kama da mu ba, abin ya min ciwo sosai. Dan Allah ya zanyi in ɓoye mai kisan har ƙarshe, ko dai in goge in sake daga farko? Daga 'yarki a Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya maidaku gida lafiya. Kar ki goge komai tukuna. Maganar gano mai kisa bata dameni sosai ba, maganar ƙawarki ta biyu ita ce babba, kuma in kika gyara ta to ta farkon ma zata gyaru da kanta.

Ki tuna garinku. In aka kashe mutum a gari irin wanda kike bada labarinsa, kafin ayi sadakar uku rabin garin sun san wanda yayi ko sun kusa sani. Mai shayin bakin kasuwa ta sani, mai raksha da ya wuce da daddare ya sani, matan da suke girki a gidan rasuwar sun sani. Ƙawayenki sun gane a babi na 3 ne don suma 'yan ƙaramin gari ne, hancinsu ya saba. Abinda ake rasawa shine wanda zai buɗe baki ya faɗa a gaban hukuma, saboda mai kisan nan surukin wani ne, ɗan ƙanwar liman ne, shi ya biya kuɗin aikin da aka yiwa uwar wane a asibiti bara, shi ke ba rabin manoman garin shail, bashin da ake biya da amfanin gona, kafin damina. To littafinki a nan yake, cikin wannan shirun. Ki bar mai karatu yayi zarginsa tun da wuri, abinda zai hanashi bacci shine ko akwai wanda zai faɗa, da kuma me zai samu wadda ta faɗa.

Sai mu zo kan 'yar jaridar. Ban ga rubutunki ba amma ina iya hasashen inda matsalar take, kin yi ta baƙuwa a garinsu, tana shiga ko'ina tana ɗaga murya tana tsare maza da tambaya kuma ba abinda take asara. Naci da baya cin mutum komai ai ba naci bane. Ki ɗaure ta da garin ta ko'ina. Misali wanda take zargin ya zama mijin yayarta, kuma a gidansa ita da innarta suka sauka da suka gudo daga Khartum da kayan jikinsu kawai, abincinsa take ci, a sola ɗinsa take cajin wayar da take tara shaida a kansa. Ranar da innarta ta gane inda ta dosa ta kirata ɗaki ta rufe ƙofa tace mata hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar, in kika rubuta wannan abu ban yafe miki nonon da kika sha ba. Gwaggonninta su ce ke da ko ɗakin kanki baki da shi zaki kashewa 'yar uwarki aure. In bayan duk wannan ta tashi da safe ta sake fita tambaya, to mai karatu baya buƙatar ki gaya masa jaruma ce, ya gani da idonsa.

Kuma ki tuna bata da jarida a bayanta. Tunda yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 jaridun takarda na Khartum suka tsaya, 'yan jarida suka watse wasu Bur Sudan wasu Alkahira wasu Kampala wasu ƙauyukansu, ba albashi ba edita. Katinta na aiki bazai buɗe mata ƙofar kowa ba. Ki bata tarihi irin na masu wannan sana'ar a ƙasar nan, wadda ta san yadda ake kashe labari, don zamanin tsohon shugaba Bashir jami'an tsaro sukan jira sai an gama buga jarida an kashe kuɗin takarda sannan su zo maɗaba'a su kwashe duka, a watan Fabrairu 2015 ma rana ɗaya suka kwashe jaridu 14. Macen da ta rayu cikin wannan ba zata yi ta hayaniya ba, zata iya haƙuri, zata san ajiye kwafi biyu na komai, zata san wa ake tambaya kai tsaye wa ake bi ta bayan gida.

Yanzu abinda mace zata iya da wanda baza ta iya ba a garinmu, nan ne marubuta da yawa suke zamewa. Baza ta je maƙabarta ba, baza ta zauna a rumfar maza ana gaisuwa ba. Amma tana da inda ɗan sanda bai isa ya shiga ba. Tana da cikin gida, inda mata ke zaune kwana da kwanaki ana tsinke ganye ana dama jabana ana magana ƙasa-ƙasa. Tana da matar mamacin da ke takaba wata huɗu da kwana goma, tana wuri ɗaya bata fita, kullum ana iya zuwa mata sannu, kuma abinda bata faɗa ba a satin farko zata iya faɗa a wata na uku lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa aka fara maganar gado. Sannan wanda nake so ki riƙe da kyau, mai wankan gawa. Shi kaɗai da mataimakinsa suka ga jikin nan, in da tabo a wuya ko ƙeya shi ya gani, kuma tun yana almajiri aka koya masa cewa abinda ka gani a jikin mamaci amana ne ka rufe. Dattijo mai tsoron Allah wanda amana biyu suka haɗe masa, ta rufa asirin gawa da ta bada shaida, wlh wannan mutumin shi kaɗai ya isa babi uku. Kuma 'yar jaridar baza ta tunkareshi gaba da gaba ba, ta wajen matarsa zata bi, ita ce ta lura tun ranar jana'iza malam baya cin abinci.

Ki san tsarin hukuma ma ko da kaɗan ne, don kar ki ɗauko na fim. A nan ana buɗe balag wato ƙara a wajen 'yan sanda, niyaba wato ofishin masu gabatar da ƙara ce ke riƙe da bincike, ana bada urnik tamanya wato fom na 8 likita ya cika, in ana shakkar mutuwar sai a tura gawa mashraha inda likita ke binciken gawa, wadda ƙaramin gari bashi da ita sai an ɗauka zuwa babban birni. Su kuma dangi so suke a suturta shi kafin azahar, ga zafi, ga ba wuta, ga hanya ba tsaro, sai wani babba yace a bar bawan Allah ya huta kar a yanka shi. Ki duba waye ya fara faɗin wannan maganar a labarinki, ki sa mai karatu ya ji ta a babi na 1 ya wuce ta kamar tausayi ne. Bayan an rufe kuwa, tono sai da umarnin hukuma, kuma wane ɗa ne zai sa hannu a tono ubansa garin yana kallo? Sannan dokar laifuka ta 1991, sashe na 130, kisan ganganci hukuncinsa ƙisasi ne, amma in magada suka yafe sai a koma diyya da ɗaurin da bai wuce shekara 10 ba. Ma'ana mai kisan baya buƙatar guduwa ko'ina, magada kawai yake buƙata a hannunsa, da ajawid, dattawa masu shiga tsakani, da zasu zauna a yi judiyya wato sulhun gargajiya a karanta fatiha kafin magana ta kai kotu. Kinga abokin gabar 'yar jaridarki ba mugun mutum ɗaya bane, dattawa ne na kirki da suke ganin zaman lafiyar gari suke karewa. Kar ki maida su azzalumai, da yawansu sun taɓa ganin yadda jini ɗaya ya ja goma shi yasa suke tsoro.

In kina so ki ga yadda irin wannan ke faruwa da gaske ki bibiyi abinda ya samu Ustaz Ahmad al-Khair, malamin makaranta a Khashm al-Girba ta jihar Kassala, wanda ya rasu a hannun jami'an tsaro farkon Fabrairu 2019. Bayanin farko da aka fitar shine wai abinci ne ya gurɓata masa ciki. Danginsa da suka ga jikinsa suka ƙi yarda, rahoton likita da binciken niyaba suka nuna dukansa aka yi, har a ƙarshen Disamba 2019 kotu a Umdurman ta yankewa jami'ai sama da 20 hukuncin kisa bayan dangin sun ce ƙisasi suke so. Ban ce ki kwafi wannan ba, haƙƙin iyalinsa ne, Allah ya jiƙansa. So nake ki lura da yadda ƙarya ta farko take zuwa da sauƙi kowa zai iya haɗiye ta, abinci ne, ruwa ne ya cishi, da yadda gaskiya ta tsaya kan mutanen da suka ga gawa suka ƙi yin shiru.

Dalilin kisan kuma ki ɗauko daga ƙasarmu. Tunda ɗan kasuwar riɗi ne kina zaune a Gadarif ai kina kan taska, ki je kasuwar amfanin gona lokacin kaka ki saurara yadda ake faɗa kan bashin shail, manomi ya karɓi kuɗi da rani a farashin wulaƙanci ya biya da buhuna da kaka. Ga rigimar gonakin bakin bahar, ga gado, ga littafin bashi da ya ɓace daga shago, ga ish'ar wato alat na Bankak, manhajar banki ta waya, da ke nuna an turo kuɗi ƙarfe 1 na dare daga wanda ya rantse bacci yake. Ki sa mutum biyu ko uku suyi ƙarya saboda wani dalili nasu daban, ɗaya yana ɓoye auren da yayi a wani gari, ɗaya yana sayen kayan da aka wawaso daga Khartum, wannan ya isa ya raba hankalin ƙawayenki. Amma duk shaidar da 'yar jaridar ta gani ki nunawa mai karatu ita, kar ki fito da wani baƙo a babin ƙarshe kice shi ne, cin amana ne.

Abu ɗaya da ya rage, wani a cikin littafin dole ya tambaye ta, mutane dubbai sun mutu a yaƙin nan ba wanda ya ƙirga su ke kin tsaya kan mutum ɗaya da ruwa ya ci? Amsarta ni bazan baki ba, ke kika gudo daga gidanku, ke kika san ta.

TAMBAYA: Ustaza barka da ƙoƙari. Ni haifaffen Makka ne, Shara Mansur na tashi, ina son rubuta irin wannan labarin amma mu nan ba ƙaramin gari bane kuma a cikinmu ba 'yan jarida, ya za'ayi? Daga ɗanki a Makka.

AMSA: Ɗana, unguwarku ai ƙaramin gari ce a cikin babban birni, kowa ya san gidan da kowa ya fito har garinsu na asali a Najeriya ko Nijar ko nan Sudan. Kuma kana da wani dalilin shiru da ya fi na Gadarif ƙarfi, igama, takardar izinin zama. Matar da ta ga komai ta tagar ɗakinta ta zo umra ne shekaru da suka wuce ta zauna, in ta taka ofishin shurɗa wato 'yan sanda ta bada shaida ta san daga nan sai Shumaisi inda ake tsare marasa takarda sai tarhil a maida ta ƙasarsu, ga 'ya'yanta a nan. Ka gina labarin kan wannan matar. 'Yar jarida kuwa ka kawota daga waje, wakiliyar wani gidan rediyon Hausa da ta biyo alhazai aikin hajji, mamacin ɗan uwanta ne, jirginsu na komawa yana da rana, kaga kwanaki na ƙarewa kuma bata da izinin yin wannan binciken sam. In Jidda kake so, rusau ɗin da aka fara ƙarshen 2021 ya ci unguwanni irinsu Karantina da Sabil da Gulail, maƙwabtan shekara talatin suka watse kowa da inda ya nufa, neman shaidu a irin wannan hali labari ne da kansa.

Ka san dokar wajenku ma. Diyyar da hukuma ta tsayar tun 2011 riyal dubu 300 ce a kisan kuskure, dubu 400 a na ganganci, amma in magada zasu yi tanazul su sauka daga ƙisasi suna iya neman abinda ya kai miliyoyi, ana ta tara kuɗi. Kuma in cikin magada akwai ƙaramin yaro ana jira sai ya balaga a ji ta bakinsa, mutum yayi shekaru a kurkuku ransa na hannun yaron da ke firamare. Sai dai dan Allah kayi hattara, dokar laifukan intanet ta 2007 tana hukunta ɓata suna, kar ka sa sunan kowa na gaske, kar ka sa hoton gida ko lungu, kar ka ɗauko rasuwar da unguwa ta sani ka canza suna kawai.

TAMBAYA: Ustaza, ni dattijo ne, jikata ce ta rubuta min wannan. Ban ji daɗin yadda kuke ƙarfafa yara kan labaran kisa ba. Mu Hausawan Sudan da me zamu ji, ana ce mana baƙi a ƙasar da kakanninmu suka noma, kin san abinda aka mana a jihar Nil Azrak (Blue Nile) a 2022, yanzu kuma 'ya'yanmu su rubuta Bahaushe ya kashe Bahaushe dattawa sun rufe? Wannan ai miƙawa maƙiyi wuƙa ne, kuma tonon asiri ne. Daga wani baba a Kassala.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka ta shigeni, kuma ba wanda ya ga rikicin Yuli da Oktoba na 2022, Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, ɗaruruwan rayuka da gidajen da aka ƙona, da zai ce tsoronka na banza ne. Mutanen da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, da waɗanda suka tsaya a hanyar hajji suka yi aikin auduga a Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, jikokinsu har yau ana tambayarsu takardar asali, wannan ciwo ne da muke ɗauke dashi duka.

Amma Baba da izininka zan saɓa maka. Ka fi ni sanin ƙissar da ke cikin suratul Baƙara, an kashe mutum cikin Bani Isra'ila jama'a suka yi ta turawa juna suna ɓoyewa har Allah ya fito da abinda suke ɓoyewa, kuma a ƙarshen wannan surar aka hana ɓoye shaida. Yaranmu suna haddace wannan a allo. Rufa asirin da addini ya yaba na laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, jinin wani kuwa akwai marayu a bayansa. Yarinyar da ta rubuta gari mai liman da mai shayi da manomi da azzalumi da mai gaskiya duk Hausawa, ta nuna mu mutane ne cikakku masu gari da tarihi a bakin bahar ɗin nan, wanda ya karanta zai san ba jiya muka zo ba. Abinda na yarda da kai a kai, kuma ina jan kunnen marubutan, kar su bayyana hanyar kisa dalla-dalla, kar su ɗora laifin kan wata ƙabila maƙwabciya don su wanke tamu, wannan shi ne zai iya tada wuta da gaske, kuma kar su sa sunan gari na gaskiya, don in kace umda wato mai garin gari kaza ai mutum ɗaya ne kowa ya sanshi. Ina roƙon Baba in 'yar Gadarif ta gama, jikarka ta karanta maka, in akwai inda ta ƙetare iyaka ka aiko mu gaya mata.

TAMBAYA: Ustaza ni da Larabci nayi makaranta, Hausa a baki kawai nake ji ban iya rubuta ta da boko ba, in rubuta da Larabci ko? Daga ƙanwarki a Madani.

AMSA: Ƙanwata ki rubuta da abinda hannunki ya fi sakewa. Da yawanmu nan da haruffan Larabci muke tura Hausa a waya kuma kakanninmu ma da ajami suka yi rubutu, ba aibi. In kina son 'yan Kano da Zinder su karanta sai ki karanta kowane babi da murya ki turawa wadda ta iya boko ta juya miki, ki ce mata kar ta goge kalmominmu na nan irinsu raksha da jabana da tur'a, mai karatu zai gane su daga zancen. Muryar da kika naɗa ma kar ki yar, ki sa ta a guruf babi-babi, iyayenmu mata da basa karatu su suka fi kowa bin labari. Ki ajiye kwafi wajen mutum biyu a gari daban-daban saboda yanayin wuta da waya, in kin kai babi na 5 ki turo min ta adireshin mujalla in duba.